Ja-da-yalo

Ranar da aka yi wa Lantana aiki a Kafin Hausa
ina baranda, carbi ya zagaya har lissafi ya ɓace mini.
Aka fito da jariri, ɗan mitsitsi cikin zani,
aka turo uwar, ciki a ɗinke, leɓe a bushe.

Na ce da Sista Kuluwa, ina maganin?
Ta ce an yi mata allura tun wuƙa ba ta taɓa ta ba,
ɗaya tak, ta jijiya, likita ya ce ta isa,
sai fa in zazzaɓi ya zo ko ɗinki ya yi ruwa.

Ɗaya?
Ni da aka farka ni shekarar da ruwa ya cinye mana gero,
kwana goma ina haɗiyar kafso,
har gumina warin kemis yake.

Na kwance bakin zani, kuɗin zabi biyu,
na nufi Ɗan'azumi mai tire,
mai jera magani a rana kamar shanyar barkono.
Ya ƙirgo ja-da-yalo goma sha biyu a leda,
ya ce, Iya, wannan har karaya yake ɗorawa.

Na ɓoye ƙarƙashin kwanon kunun kanwa.
Kuluwa ta zo aunin zafi, ta ɗaga kwanon.
Ba ta yi faɗa ba.
Ta nuna mini da haɓa gado na shida,
inda wata ta shiga mako na biyar,
mijinta ya sayar da amalanke.
Ta ce ba ya jin magani, ciwonta.
Mura, ja-da-yalo. Haƙori, ja-da-yalo.
Iya, kin san jan-baki a fadamar shinkafa:
makon farko yana tsoron mutum-mutumi,
na uku a kansa yake sauka.

Kwana huɗu aka sallame mu.
Kabu-kabu ya yi ta lallaɓa ramuka har Bulangu.
Kullum cikin dare ina tashi
in ɗora bayan hannu a goshinta,
in haska ɗinkin da tocilan:
a bushe, kamar bakin ƙwarya da aka gyara.

Yau an yi suna, an yanka rago.
Ledar tana nan cikin kwalla, ƙarƙashin zanen salla.
Ban ba ta ko ɗaya ba.
Ban kuma iya zubarwa ba tukuna,
zabi biyu ne.