Jinin Zoɓo

A shagon Babayo mai cajin waya, can Jekadafari,
bayan isha'i, in janareto ya gama tari,
mukan jeru a benci, gwiwa na gugar gwiwa,
talabijin na can sama a kan ƙusa
kamar ƙwaryar nonon da aka ɓoye wa kyanwa.

Daren Laraba na ban tsoro ne.
Wata mata ta fito daga rijiya, gashi har ƙasa,
tana tafiya da baya-baya.
Jibir ɗan acaɓa ya ce, "Tsagwaron ƙarya!
Wace fatalwa ce ke jiran a saka kiɗa kafin ta fito?"
Amma ni na ga ya naɗe ƙafafunsa bisa benci,
kuma ranar bai bi ta lungun maƙabarta ba,
ta Tashar Dukku ya zagaya, duk da tsadar man nan.

Malam Tukur tela nasa ra'ayin daban:
"Aljanin Turawa ba shi da tarbiyya,
sai fasa taga da kashe fitila.
Namu ya san kunya, a tsamiya yake zamansa,
in ba ka taka shi ba, ba ruwansa da kai."
Muka yi dariya har Babayo ya ɓarar da shayi.

Alhamis suka nuna yadda ake haɗa fim ɗin.
Ashe matar rijiya 'ya'yanta biyu,
tana cin biskit tsakanin ɗauka da ɗauka.
Ashe jinin sukari ne da kala a robar ruwa.
Ɗan ƙaramin Sadiƙu ya ɓata rai kamar an ƙwace masa alawa:
"To wai zoɓo ne na kwana ina mafarki da shi?"
Tun daga ranar, duk wanda aka sara a allo
sai mu ce: zoɓo, a ƙaro ƙanƙara.

Asabar kuwa ta labarin gaske ce.
A wani gari mai nisa, direba ya fita bai dawo ba,
shekara goma sha ɗaya ana tono.
Ga hotonsa. Ga takalminsa cikin leda mai lamba.
Ga 'yar sanda da safar hannu tana auna sawu.
Nan fa gardama ta kaure.
Jibir ya ce maƙwabcin ne, ku dubi idonsa.
Tela ya ce matar ce, kukanta ya cika tsari.
Ni na ce abokin cinikin ne, na aza goro biyu a kai.
Kowa ya zama alƙali, ba takarda, ba rantsuwa.

Ba mu lura ba Adda Dije na tsaye a ƙofa.
Ta zo karɓar 'yar wayarta mai tocila,
wadda ba ta bari ta mutu ko na dare ɗaya
tun shekarar da Hammadu ya yi lodin wake,
ya nufi kudu, ya ce sai jibi.

Ta daɗe tana kallon uwar da ke allo.
Ta ce, "Su a can har takalmi ake ajiye musu."
Can kuma: "Me ya sa suka saka mata kiɗa?
Kuka ai ba ya neman makaɗi."

Babayo ya lalubo rimot, ya rage murya.
Ba wanda ya ce zoɓo.
Ta biya ɗari, ta duba fuskar wayar,
ba kira,
ta ƙulle ta a bakin zane, ta fita.

Kafin ƙarfe goma an kama mai laifin.
Maƙwabcin ne. Jibir ya ci goron,
bai miƙa hannu ba.
Su nasu labarin minti arba'in da biyar ne, har da talla.

Na raka tela zuwa kwana.
Ya ce, "Laraba zan zo. Asabar ban sani ba.
Ita matar rijiya, in an tashi aiki, gida take komawa wajen 'ya'yanta."

Muka wuce ta ƙofar Adda.
Ta tsagar ƙyaure, ɗan koren hasken waya
na nan a kan tabarma,
a farke.