Ƙudan Zuma a Tanki

Shekara talatin da ɗoriya,
in na murɗa makulli rabi, nakan kasa kunne:
can ƙarƙashin kujerar baya
wani ɗan ƙudan zuma zai yi guɗa, sannan mu tashi.
Ran Talata na murɗa, shiru.
Na sake. Inji ya yi tari, ya yi tari, ya haɗiye.

Koriyata mai ƙofa biyu,
mai jan ƙirji a ƙasa kamar damo,
na saye ta hannun injiniyan gidan gurzar auduga
tun albashin malamin dabbobi na da auki.
Yaran Bolari suka tura ta suna shewa:
"Baba, ga 'yan gwangwan can, a kira su?"

Bappayo bai tanka musu ba.
Ya zaro fiyus, ya ɗaga shi sama, lafiya lau.
Ya kwanta a kwali, ya daki tanki da ƙotar guduma,
ya ce in murɗa. Ko gezau.
Ya fito yana kakkaɓe ƙeya:
"Famfo ne, Malam. Ya mutu a rijiyarsa."

Aka cire kan batir.
Aka kori mai sigari zuwa bakin kwalta,
mai shayi ma ya kashe risho yana gunaguni.
Da suka ɗaga kujerar baya
sai ga ƙwallon dabino, ga sule biyu sun yi kore,
ga ɗan kunne guda.

Na Daso ne.
Ranar da muka dawo daga Dadin Kowa da kifi a but
ta zazzage adaka, ta share tsakar gida sau uku,
ta ce ni na hana ta dubawa da kyau.
Bana damina shida ke nan da muka kai ta.
Na sa shi a aljihun gaba, na ce, "Ku ci gaba."

Noti shida ne a murfin.
Biyar sun ji magana,
na shida sai da ya sha man birki har bayan Azahar.
Zoben kuwa da guntun katako aka lallaɓa shi,
don ƙarfe kan ƙarfe a bakin fetur
gayyatar makoki ce.

Bappayo ya zura hannu, ya karkata, ya jira, ya juya,
yadda nakan yi wa maraƙi in ya zo a gicciye.
Ya fito da shi yana ɗiga,
rariyarsa ta toshe da jan laka,
tarin shekarun galan ɗin 'yan bumburutu.

"Lita bibbiyu kake ba ta, ko?
Shi wannan a cikin mai yake shan iska.
Ka bar shi tsirara, dole ya ƙone."
Na so in ce masa ya je ya faɗa wa ofishin fansho,
sai na tuna ban biya shi na kilocin bara ba.

Sabon daga Jos ya zo, a motar safe,
kuɗinsa ya ci mini tunkiya.
Ya gaza tsohon da ɗan yatsa,
aka ƙara masa tiyo, aka ɗaure da kilif biyu,
aka shafa wa roba mai, ta zauna daram.

"Rabi kawai, kada ka tayar."
Na murɗa. Garejin ya yi tsit.

Zzzz.

Ban tayar ba. Na kashe, na sake murɗawa,
na kashe, na sake,
har Bappayo ya ce zan kashe masa batir.

A gidan mai na ce a zuba rabin tanki,
yarinyar ta leƙo ta tabbatar ni ne.
Na ɗauki hanyar Dadin Kowa ba don kifi ba.
Ɗan kunnen na cikin tokar sigarin da ban taɓa amfani da ita ba,
duk ramin da muka faɗa
sai ya yi magana.