Shekara Tara ta Takarda

Ran Laraba ɗan kabu-kabu ya tsaya ƙofarmu a Bagalam,
ya miƙo ambulan mai hatimi biyu.
Ina tsakar matsar tunkuza, hannu duk mai,
sai na karɓa da bakin zane.

Jikata Sahiya ta karanta, tana bin layi da yatsa:
wai an yi kuskure a biro.
Marigayi Nomau ya yi gadin asibiti shekara ashirin da uku,
mai bugawa ya sa uku gaba, biyu baya,
ta koma talatin da biyu.
Wai rarar da na ci tun rasuwarsa
jika ɗari huɗu da sha bakwai ce.
In mayar.

In mayar daga ina?
Ta zama kwano a kan ɗakin da ke yoyo,
ta zama ƙwayar hawan jini,
ta zama kuɗin lakkol ɗin wadda ke karanta mini takardar.
Saura ta zama gero, geron ya zama fura,
furar ta bi maƙogwaron yara bakwai.
A je a tambayi cikinsu.

Na je. Na zauna kan benci har azahar ta gota.
Yaron bayan gilashi, sa'an autana,
ya ce, “Inna, ba laifinki ba ne.”
Na ce, “To na wa?”
Ya ɗaga kai yana kallon fanka.

Wanda ya buga ya aje aiki, yana Tibiri yana kiwon zabi.
Wanda ya sa hannu an ɗaga shi Yamai.
Ni da babban yatsa kaɗai nake dangwalawa,
ni aka tarar a wurin.
Da can muna jin tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka;
wannan yana inuwa, gashinsa a bushe.

Za su riƙa yanka ɗaya cikin uku, in ji shi,
har shekara goma sha ɗaya.
Na yi dariya, haƙorana huɗu a waje.
Gwamnati ta fi ni kyautata wa kwanana zato.

To na ji. Ban taɓa kwana da na wani ba,
ko allurar maƙwabciya ce.
Ku yanka.
Amma shekara taran nan da kuka ƙara masa,
ina kuka aje su?
Ku kawo mini.
Ya shigo da asuba da cocila da gora,
yana tarin nan nasa tun daga zaure,
ya ce kunun ya yi tsami, ya shanye.
Ko ɗaya ce cikin taran, na yafe takwas.

Takardar na ƙarƙashin tabarma.
Man gyaɗa ya ratsa zanen, ya ci lambar,
yanzu in ka ɗaga ta a rana
ana hango bayanta.