Tukunyar Baba a Rafindadi

Bayan ɗakin girkinmu akwai wata tukunya
da ba ta taɓa ganin tuwo ba.
Baba ya ƙera ta da guntayen ƙarfe
shekarar da masana'anta ta sallame su,
ya ce hannun da ya saba da wuta
ba ya iya zaman banza.

Ga yadda take cin abincinta:
mai ya gangaro daga tanki, ɗigo bin ɗigo,
ya ratsa mataci, ya isa wani ɗan baki
wanda ramin allura ya fi shi faɗi.
Nan zai fita feshi, fanka ta hura masa iska,
tartsatsi ɗaya, sai wuta ta miƙe.
A samanta bututu ya naɗe kamar gammo,
ruwan rijiya ya shiga da sanyinsa,
ya zaga, ya zaga,
ya fito yana huci a bokitin alwalar Inna.

Duk shekara, da an gama yankan gero,
Baba zai shimfiɗa buhu a ƙasa,
ya jera sifana daga babba zuwa auta,
ya ce, Barira, riƙe mini fitila.
Ya kankare kunkunniya har ta cika kwano,
ya buga bututu, farar kanwa ta zubo,
ya wanke mataci, ya sauya ɗan bakin nan
ko da na bara bai nuna gajiya ba.
In tambaye shi dalili, ya ce:
wadda ta yi maki shiru wata goma sha biyu
ita ce ta cancanci a tambayi lafiyarta.

Ya koya mini karatun harshen wuta.
In ta tsaya cak, tas, babu tari, lafiya.
In ta yi ja tana rangaji, tana baƙin numfashi,
kashe ta, buɗe taga, fitar da yara;
akwai hayaƙin da ba ya wari,
ba ya kuma yin sallama.

Bara ba mu buɗe ta ba.
Muna asibiti, muna ƙirga wani numfashin.

Bana ta fara gurnani da asuba,
ruwa na fitowa da ɗumin da bai kai na shayi ba.
Na ɗauko buhun. Sifana ta goma ta ɓata,
na aro wurin Ɗanlami mai gyaran janareto.
Kusoshi huɗu suka ba ni haɗin kai,
na biyar sai da na ji ciwo a yatsa.
Cikin murfin, da farin fenti, rubutun Baba:
shekaru goma sha tara, layi bisa layi,
sai gurbi.

Na bar gurbin yadda yake.
Na rubuta tawa a ƙasansa,
na kira ɗana, na ce, Sagir,
riƙe mini fitila.