Minti Huɗu da Daƙiƙa Tara

A Herwagana, bayan rumfar mai faci,
nan ɗakin Ɗanladi mai gem yake:
talabijin ɗaya mai doro,
benci ɗaya mai gurguwar ƙafa,
da mu, cirko-cirko, kamar masu jiran rabon gado.

Naira biyar, rai uku.
In kaset ya ƙi, a zare shi a hure.
Kowa da irin hurawarsa,
Babayo har da tofi yake haɗawa.

Mu burinmu mu ga ƙarshen wasa.
Shi ya daɗe da ganin ƙarshe,
abin da ke hana shi barci shi ne: a minti nawa?
Sai ya kwance agogon robarsa ya miƙo mini:
"Gidado, riƙe.
Kuma kada ka yi numfashi kusa da ni."

Ɗan mutumin nan na cikin gilashi,
wanda aka gina da 'yan tubala masu launi,
a hannunmu ɗan tuntuɓe ne,
a hannun Babayo ruwa ne ya samu gangare.
Ba ya tsayawa tsintar zinariya,
ba ya biye wa dodo in ana iya tsallake kansa.
Rami na uku ya san shi kamar dokin ƙofar gidansu,
ya faɗa cikinsa ya fi sau ɗari
kafin ramin ya gaji ya ba shi hanya.

Minti huɗu da daƙiƙa tara.
Ni na rubuta a bango da gawayi.
Ɗanladi ya yi faɗa,
amma bai goge ba.

Yau shekara ashirin da biyu.
Ɗakin ya koma wurin cajin waya,
an shafe bangon da shuɗin fenti.
Babayo yana Bajoga, yana matsar man gyaɗa,
inji ya taɓa masa babban yatsa, ba ya lanƙwasuwa.

Ran Talata, a Tsohuwar Kasuwa,
na ga wata 'yar na'ura, ba ta kai tafin hannu ba,
an tara tsofaffin wasannin nan a cikinta gutsure-gutsure,
kowane gutsure da agogo a goshinsa:
ga hanya, ga lokaci, nuna mana.
Na ce wa mai shago na yara ne.
Ya yi murmushi irin na wanda ya saba jin wannan ƙarya.

An ce gaggawa aikin Shaiɗan.
Wanda ya faɗa bai ga Hajjo ba,
'yata, mai shekara goma sha ɗaya,
kwana goma sha tara tana mutuwa a rami ɗaya,
tana tashi, ba kuka, ba jifa da abin dannawa,
tana aske daƙiƙa ɗaya-ɗaya kamar wanzami a kan jariri.
Wannan saurin, haƙuri ne ya haife shi.

Hanyar ba ta sake ba ko da taku ɗaya,
dodon yana nan inda muka bar shi,
bai tsufa ba, bai ƙara kuɗi ba.
A garin da farashin kwanon masara ke sauya fuska kafin la'asar,
wannan ma wani abu ne.

Daren Alhamis, wuta saura ƙiris a ɗauke,
ta ajiye, ta goge tafinta a zane.
Minti huɗu da daƙiƙa shida.

Na aika wa Babayo saƙon murya,
ina ta zaɓen kalmomi kamar mai kai ta'aziyya.
Bai amsa ba sai bayan asuba:
"Da wane agogo aka auna?
Ka ce mata kada ta rubuta komai a bango.
Asabar ina tafe.
Ɗaya yatsan lafiyarsa ƙalau."