Ta Takwas

Ƙarfe biyun dare a Gdansk, titi ya yi tsit.
Na buɗe shafin akwatin intanet ina ƙirga na'urori:
wayata, talabijin, firinta mai tari...
Bakwai na sani.
Ta takwas ba suna, sai lambobi
kamar haƙoran tsohon mataji.

Na zargi Leszek na hawa na uku,
na kwana ina zaginsa a zuci.
Da safe na bi ɗakuna ina zare fulogi ɗaya-ɗaya.
Tana nan daram.

Bayan gado na same ta:
wayar Jadwiga, jone da caja tun watan Maris.
Ba wanda ya yi mata gaisuwar rashin uwargijiyarta.
Kullum tana sallama, akwatin yana amsawa.

Ban sauya kalmar sirri ba.
Suna kawai na rubuta mata.