Gashin Ɗawisu a Littafin Lissafi

Kakata Kanakambal ba ta taɓa figar tsuntsu ba.
Jira take yi.
In ɗawisu ya gama rawarsa ta shekara,
ya gaji da jan bindi a ƙasa,
sai ta fita da jijjifi gindin dutsen Viralimalai,
ta bi sarƙaƙiya tana tsinta,
kamar mai bin sawun attajirin da aljihunsa ya huje.

"Wanda ya faɗo da kansa kyauta ne," in ji ta.
"Wanda aka fizge bashi ne, kuma sai an biya."

Takan ɗaure su goma-goma da zaren ayaba,
ta baje a matakalar haikali,
ni kuma a gefe ina ƙirga idanu,
shuɗi cikin kore, kore cikin ruwan tagulla,
ba wanda ke ƙiftawa.

Pazhanivel mai amalanken shanu ya kwashi dami uku.
Ɗansa ya tashi daga zazzaɓi,
alwashi kuwa ba ya ruɓewa.
Zai ƙawata itacen kavadi, ya saɓa a kafaɗa,
ya hau dutse ba takalmi wurin Murugan,
wanda suka ce ɗawisu ne abin hawansa.
Bai yi ciniki ba. Hannunsa na rawa.

Wata matar mai tuƙa jirgin ƙasa ɗaya tak take saya,
don kan ɗan Krishna na lungun ɗakinta,
wai ba ya jin daɗin busa sarewa kai ba ado.

Akwai mai gadin kabarin waliyyi, Sikkandar Bava,
da ke shafa kan masu ziyara da su,
akwai yaron da ke yi wa wani tsohon Jain saye,
tsohon da ba ya zama sai ya share wurin a hankali
kada ya danne tururuwa.
Tsintsiyar da ba ta kashe kowa.

Rana ɗaya Baturiya ta miƙa hannu, ta janye.
Direbanta ya fassara:
a garinsu wannan mugun ido ne,
ba a kwana da shi a gida.
Kaka ta yi dariya har jan ganyen taunawa ya bayyana.
"Faɗa mata ido dai ido ne.
Abin da ke bayansa ake tsoro,
wannan kuwa bayansa iska ce."

Ni nawa na littafin lissafi ne, shafi na arba'in da biyu.
Thenmozhi ta rantse mini a makaranta
in ka ɓoye shi daga hasken rana,
kana ba shi ɓawon fensir,
zai haihu.
Na fiƙe fensir uku har suka koma guntaye,
na sha bulala biyu a kansu.
Kullum in leƙa da ido ɗaya,
kullum shi kaɗai, ya kwanta bisa rabawa mai tsawo.

Ran wata Talata na buɗe,
ga ɗan ƙarami kwance a gefensa,
tsawon ɗan yatsana, ko ido bai yi ba.
Na ruga da ihu har tsakar gida.
Kaka tana niƙa shinkafa, ba ta ɗago ba.
"To, sai ki ƙara masa abinci," kawai ta ce.

Shekara talatin kafin in tuna
cewa ranar akwai garin shinkafa a bakin shafin,
sawun babban yatsa, fari fat.

Yanzu ba ta nan.
Ɗawisu na kuka a kan dutse in hadari ya haɗo,
muryar nan mara daɗi da kaka ke cewa
ita ce harajin da ya biya don kyau.
'Yata ta ɓoye nata a littafin tarihi,
tana tsammanin ban sani ba.
Jiya da asuba na shiga sarƙaƙiya,
ƙaya ta yage mini gefen sari,
ina neman wanda bai yi ido ba.